Koyi Da Kanka: Yadda Ake Fentin Kwalkwalin Wasan Kwaikwayo Ya Zama Kamar Tsoho

Kwalkwali shi ne hular yaƙi ta 'yan lifidi, irin wadda ake gani a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zazzau, an kafa mata gashin jimina a ƙoli. Ƙungiyar wasan kwaikwayon da ke son nuna yaƙe-yaƙen zamanin da takan haɗa nata da ƙwarya, ko da kwali da takarda da sitaci. Amma in aka shafa fenti sau ɗaya aka bari, sai hular ta fito tana sheƙi kamar sabon kwano, 'yan kallo su bushe da dariya a inda ya kamata jikinsu ya yi sanyi. Ga yadda za a kauce wa haka.

Kayan aiki

Samfefa, burushi 2, tsumma, soso, fensir, da fentin ruwa baƙi, da ruwan ƙasa, da ruwan azurfa ko na zinariya.

Matakan aiki

1. Bari hular ta bushe sarai. Ta takarda takan ɗauki kwana 2 ko fiye. Fenti a kan danshi ɓawo yake yi. Sannan goge ta da samfefa har ta yi santsi.

2. Shafa baƙin fenti ko'ina, shafi 2 marasa kauri. Wannan baƙin shi ne zai zama inuwa a ƙarƙashin launin ƙarfe.

3. Tsoma bakin burushi cikin ruwan azurfa, ka goge shi a jikin kwali har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa shafawa sama-sama. Launin zai kama tudu, ya bar kwari da baƙinsa. Mai son kamannin tagulla sai ya yi amfani da ruwan zinariya.

4. Dama cokali 1 na baƙin fenti da kamar cokali 5 na ruwa. Shafe hular da shi, ka share da tsumma tun bai bushe ba. Abin da ya maƙale a lungu shi ne dauɗar shekaru.

5. Ɗiga ruwan ƙasa da soso, kaɗan kaɗan, don ya ba da kamannin tsatsa.

6. Kankare bakin fensir, ka murza garin da yatsa a gefe-gefe. Zai ba da ƙyallin ƙarfen da hannu ya daɗe yana taɓawa.

Tsufa yana da mazauni

Nan ne masu koyo suka fi kuskure, sai su barbaɗa tsatsa ko'ina. Mai karatu, ɗauki tsohuwar fartanya ka duba. Bakinta fari ne saboda gogar ƙasa, tsatsa kuwa tana wajen ƙota, inda laima ke kwana. Haka hula take: gefe da ƙoli su ke gogewa su yi haske, dauɗa da tsatsa su taru a gindin ƙusa da mahaɗa. Kuma baƙin ƙarfe ne ke yin jar tsatsa. Tagulla duhu take yi, wani lokaci da kore-kore. Saboda haka kada a sa jar tsatsa a kan launin tagulla. A riƙa ja da baya taku 10 ana dubawa, domin daga nesa 'yan kallo za su gan ta. Ƙari yana da sauƙi, ragi ne wahala.

Gargaɗi

Mai amfani da fentin feshi ya yi aikinsa a fili, nesa da wuta da yara. Kada a fenta cikin hular inda ke taɓa fata, a liƙa ƙyalle. Wannan hula ta wasa ce kawai, ba ta maye gurbin hular kwano a kan babur.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara shafa baƙin fenti?
2. A ina tsatsa ke taruwa?
3. Wane launi tsohuwar tagulla ke yi?