AMFANI DA ZANZARO WAJEN YAƘAR ƘWARIN ROGO

Manomi, ka san zanzaron da ke gina ɗakin laka a jikin bango, ya harbi tsutsa ta sandare, ya ajiye wa 'ya'yansa ita. To, yana da dangi ƙanana ƙwarai, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 2 ba. Ba sa harbin mutum. Su a jikin ƙwarin da ke ɓarna a gona suke saka ƙwai.

Yadda aka ceci rogo

A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da garin rogo ya shigo Afirka daga Amurka ta Kudu. Yana tsotse ruwan tofon rogo, ganye ya nannaɗe ya dunƙule, tsiro ya tsumbure. A wasu gonaki asara ta kai kashi 80 cikin 100. Dalili kuwa, ya iso ne ba tare da abokan gabarsa ba. Masana suka bi sawunsa har ƙasar Faraguwai, suka samo wani ƙaramin zanzaro mai suna Anagyrus lopezi. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta fara sakinsa a 1981 a ƙarƙashin jagorancin Dakta Hans Herren, daga nan ya bazu a ƙasashe fiye da 20.

Tamatar takan soka ƙwai a cikin ƙwaron. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta cinye shi daga ciki, gawarsa ta bushe ta yi tauri kamar ƙwayar hatsi. Bayan mako 2 zuwa 3 sabon zanzaro ya huda ta ya fito. Ka lura, bai shafe ƙwaron daga doron ƙasa ba, ya dai rage shi har ɓarnarsa ta zama ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya rage gare ka

Zanzaron nan yana gonarka, ba sai ka saya ba. Abin da ke kashe shi shi ne feshi barkatai. Farin ƙwaro yana da kakin da ke kare shi daga magani, kuma yana ɓuya cikin nannaɗaɗɗen ganye, zanzaro kuwa a fili yake yawo. Sau da yawa manomi kan biya kuɗi ya kashe mai yi masa gadi.

Da rani, lokacin da ƙwaron ke yawaita, ka riƙa buɗe tofon rogo kana dubawa. In ka ga busassun gawarwaki, wasu da 'yar ƙofa, kada ka yi feshi. Kada ka ɗebo sandunan iri daga gonar da ta kamu. Ɓarna ta fi tsanani a ƙasa mai yashi da ta gaji, saboda haka ka zuba taki, ka rufe gindin rogo da busasshiyar ciyawa.

Malamin gona ya ɗebi tofo masu gawarwaki ya sa a kwalba, ya rufe bakinta da ƙyalle. In zanzaro ya fito, ya nuna wa manoma su gani da idonsu, sannan ya sake shi a gona.