Yadda Ake Haɗa Ruwan Yankan Ƙarfe da Man Bedi

Idan wuƙar injin tur ta kama sandar ƙarfe tana sassaƙa, ko ta ƙafar mota ce ko ta injin ban ruwan masu albasa, zafin da ke tashi a bakinta ya isa ya dakushe ta cikin ɗan lokaci, har ɓarɓashin da ke zuba ya koma shuɗi. Tun a 1883 wani injiniya na Amurka, Frederick Taylor, ya tabbatar cewa kwarara ruwa a bakin wuƙa yana ba da damar ƙara saurin yanka da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Amma ruwa tsantsa yana kawo tsatsa, shi ya sa aka koma gauraya shi da mai.

A garajojin Madawa, bisa babbar hanyar Ƙonni zuwa Maradi, abin da ya fi sauƙin samu shi ne baƙin man da aka juye daga mota, alhali kuwa cutarwarsa ba ɓoyayya ba ce: yana ɓata fatar hannu, hayaƙinsa yana shiga ƙirjin yaran shago, in ya malala ƙasa kuma ya gangara wajen rijiyoyi. Wannan fasadi ne da ba dole, domin Allah Ya hore wa ƙasar Adar abin da zai maye gurbinsa, wato bedi, wanda tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman kwarin Majiya, a yankin Buza, suka dasa layi-layi don kare gonaki daga iska, ga shi kuma 'ya'yansa suna zuba kowace shekara ba mai tsinta sai ƙalilan.

Da farko a tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke naman jikinsu, a shanya su har su bushe ƙayau, don mai danshi yakan yi hunhuna. Sa'an nan a sussuka a turmi sannu-sannu, a sheƙe ɓawon, a daka ƙwayar ta yi laushi, a riƙa yayyafa ruwan ɗumi ana murzawa, yadda mata ke yi wa tunkuza, har mai ya tsatso. Kilo guda na ƙwaya yakan ba da mililita 100 zuwa 150 ta wannan hanya. A bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta.

Wurin yankan zaren noti da huda rami, inda aiki ke tafiya a hankali, man kaɗai ya wadatar, ɗigo-ɗigo, domin ɗabi'ar man tsiro ce ya manne wa ƙarfe fiye da man da ake haƙowa daga ƙasa. Manyan masana'antun motoci na Jamus da Amurka ma sun karkata ga wannan hikima, suna fesa ɗan mai ƙanƙani tare da iska maimakon malalo.

Sassaƙa mai sauri ita ce ke bukatar sanyin ruwa, kuma a nan ne ake son natsuwa, tun da mai da ruwa ba sa haɗuwa sai da mai shiga tsakani. A narkar da sabulu cikin ruwan zafi kaɗan, a kaɗa shi da man har su zama abu ɗaya, sa'an nan a tsiyaya wannan haɗi cikin ruwa ana motsawa, mai kashi ɗaya, ruwa kashi tara zuwa goma sha tara. Lalle man ne ake kai wa ruwa, in aka juya tsarin haɗin ba ya kamawa. Ruwan sama ya fi, saboda ruwan rijiya mai zartsi yana kashe ƙarfin sabulu. A ƙara tataccen ruwan kanwa kaɗan don hana tsatsa, amma a kiyayi mai gishiri, wadda takan kawo abin da ake gudu.

Kafin a zuba a inji wajibi ne a jarraba. A cika kwalba a ajiye ta kwana. In mai ya taso sama, sabulu ya yi kaɗan. A ɗiga kuma bisa ɓarɓashin ƙarfe sabo. In gari ya waye ya yi ja, a ƙara kanwa.

Aibin man tsiro shi ne saurin lalacewa, musamman a zafin bazarar Keita da Madawa, saboda haka a haɗa na 'yan kwanaki kawai, a rufe shi a inuwa, a tace shi kowace yamma. Ranar da ya canja wari a sauke shi, a bari ƙarfen ciki ya kwanta a kwashe, a zubar da ruwan a rami nesa da rijiya da mashayar dabbobi.