Darasi Kan Murfin Tankin Ruwa Mai Kafar Iska

Jama'a masu sayar da abinci da ruwa a kasuwannin kan iyaka, irin su Jibiya da Maraɗi, Illela da Birnin Konni, da ku iyayen gida, wannan darasi naku ne.

Murfin tankin roba yakan tsage saboda zafin rana, ko iskar damina ta ɗauke shi. Mutane da yawa sukan rufe bakin da leda ko kwanon rufi su ɗora dutse. Wannan ba ya hana ƙurar hunturu, kashin tsuntsaye da ƙadangaru shiga ruwan sha, kuma daga nan gudawa take samun hanya. Hasken rana ma yana sa gansakuka ta fito.

Babban haɗari shi ne sauro. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara da denge yana yin ƙwai a ruwan da aka ajiye, ko da mai tsabta ne. Akwai kuma Anopheles stephensi, sauron Asiya mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wanda aka gano a Najeriya a 2020, kuma tanki ne mazauninsa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai.

To, me ya sa ba za a toshe bakin ruf ba? Domin duk lokacin da aka buɗe famfo, dole iska ta shiga ta cike gurbin ruwan da ya fita. In ba ta shiga ba, ruwa zai riƙa zuwa da ƙyar, tanki ya loɓa. Haka nan in inji yana cika shi, iskar ciki tana neman mafita. Shi ya sa ake son murfi mai kafar iska, wadda raga ta rufe.

In za ku sayi sabo, ku auna faɗin bakin tankin da igiya, ko ku tafi da tsohon murfin. Ku tabbatar yana zama daram, kafar iskar tana da rumfa don kada ruwan sama ya shiga, ramukan ragar kuma ba su wuce milimita 1 ba. Ku sa raga a bakin bututun da ruwa ke malala in tanki ya cika. Kada ku yi amfani da murfi ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari.

Kowane mako ku duba ragar, ku goge ƙurarta. In kun ga tsutsotsi suna motsi a ruwan, ku juye shi, ku goge bangon tankin sosai, domin ƙwai yana manne a jiki. Rigakafi ya fi magani.