Ko Raba Faifai Yana Ƙara Wa Kwamfuta Sauri?

Yawancin kwamfutocin da a ke kawowa makarantu, in ka buɗe sai ka tarar da ma'aji biyu, C da D. Yara su kan zaci faifai biyu ne a ciki. Sau da yawa kuwa ɗaya ne, an yi masa iyaka kawai, kamar gonar da aka raba wa 'yan'uwa da kunya. Wasu masu gyara suna cewa wannan rabo yana ƙara sauri. To, bari mu duba.

Faifan ajiya ya ɗan yi kama da na garmaho. Kamfanin IBM ne ya fara sayar da shi a 1956, faifai 50 a jere, ko wane faɗinsa inci 24. Na yanzu ya kan shiga aljihu, yana juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Akwai wani ɗan hannu mai kai da kawowa a bisansa, shi ne mai karatu da rubutu.

In kana so yara su gane, fita da su fili. Jera su takwas, su riƙe hannu, na farko ya tsaya wuri ɗaya, saura su kewaya shi. Za ka ga na kusa yana tafiya sannu, na ƙarshe kuwa sai ya yi gudu. Haka faifai ya ke. Layin bakin waje ya fi tsawo, ya fi ɗaukar rubutu, saboda haka a juyi guda abin da ke wucewa ƙarƙashin hannun ya kusa ninka na ciki. Kashi na fari, watau C, a bakin waje a kan aza shi. In an yi shi ƙarami, hannun ba ya nisa wajen nema. Iyakar ribar ke nan, ba ta kuwa da yawa.

Amma fa hannun ɗaya ne. In ka sa kwamfuta aiki da C da D lokaci guda, sai ya yi ta zirga-zirga, aiki ya yi nauyi. Gwada ka gani: matsar da babban fayil daga wata jaka zuwa wata cikin C, nan da nan an gama, gama sunan wurin kaɗai aka sake. Kai shi D kuwa, sai an kwafe shi duka. Wanda kuma ya tsuke C ƙwarai, ran da ya cika zai ga nawa sosai, alhali D na nan fayau.

Ma'aji na zamani da a ke kira SSD ba ya juyi, ba shi da hannu, don haka ba ruwansa da waje ko ciki. Raba shi ba ya ƙara sauri ko kaɗan.

Amfanin rabo na gaskiya shi ne tsari. In Windows ta lalace, a sake zuba ta a C, sakamakon jarrabawar yara na D ba a taɓa shi ba. Sai dai kada malami ya dogara ga wannan. Ran da faifan ya mutu, C da D tare za su tafi. Lalle a kwafi rajista da sakamako a wani ma'aji dabam, a ajiye a ofishin hedimasta.