"Print" da "Publish" da "Issue": Inda Mai Fassara Kan Yi Tuntuɓe

Ɗalibin fassara a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ba ya daɗewa bai ci karo da waɗansu aikatau na Ingilishi ba, watau "print" da "publish" da "issue", waɗanda Bahaushe kan dunƙule su a cikin "buga" ko "fitar da". Shi kuwa Bature kowanne ya ba shi muhallinsa.

"Print" aikin inji ne da tawada da takarda, ba ƙari. "Publish" kuwa ɗaukar nauyin rubutu ne, tun daga tace shi har kai shi hannun jama'a, ko da a wata maɗaba'a dabam aka buga shi. A maganar yau da kullum Bature kan jingina wannan aikatau ga kamfani, kuma yakan jingina shi ga marubuci, alhali marubucin bai taɓa inji ba. Daga nan rikicin ke tasowa.

A dubi littafin Infaƙul Maisuri, alal misali. Muhammadu Bello ya rubuta shi a 1812, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, malamai kuma suka yi ta kwafarsa da hannu. Sai a 1951 kamfanin Luzac ya fitar da nassinsa na Larabci a London, bayan C.E.J. Whitting ya tace shi. Mai fassarar da ya ce Bello ya "buga" littafin ya kawo wa Sakkwato injin ɗab'i tun zamanin da ba ta san shi ba. Wanda ya ce Luzac ya "wallafa" shi kuwa ya ƙwace wa Bello haƙƙinsa, domin asalin wallafa a Larabci shi ne tsara littafi, mawallafi kuma shi ne marubuci. Gaskiya ne 'yan jarida sun riga sun ja kalmar zuwa ma'anar "publish", kuma da wuya a komo da ita. Amma a rubutun nazari, musamman kan littattafan masu jihadi, ya kamata a yi hattara.

Shi "issue" yana ɗauke da ƙamshin hukuma. Da shi ake faɗin yadda Babban Bankin Nijeriya ya fitar da naira a 1973, da shi ake ba da fasfo ko sammaci. Ba a cewa an wallafa fasfo, sai dai an bayar da shi. Idan kalmar ta zo a matsayin suna a fagen jarida, to, "fitowa" ke nan, kamar fitowa ta farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 a Zariya.

Akwai kuma "release", na abin da aka kammala aka riƙe sannan aka sake shi, kamar sakamakon jarrabawa. Wannan bai cika ba da wahala ba, don "saki" ya yi daidai da shi.