Intanet ɗin Gida a Daura: Me Ya Sa Murya Ke Tsinkewa Bayan Isha'i?

Gidaje masu yawa a Ingila, Faransa da Amurka sun fara samun intanet mai sauri ne ta kan tsohuwar wayar girke. Fasahar da ake kira DSL ta ɗora intanet a kan igiyar jan ƙarfen da ta daɗe tana kai murya cikin gida, ta yadda maigida zai riƙa waya yara kuma suna kan kwamfuta, ba wanda ya katse wani. Nisa ne rauninta, domin gidan da ya wuce kamar kilomita 5 daga ofishin haɗa layuka ragowa kawai yake samu. Daga baya muryar ma aka mayar da ita kan intanet, tsarin da ake kira VoIP, inda ake yayyanka magana ƙanana-ƙanana a tura ta kamar sauran saƙonni, a sake harhaɗa ta a kunnen mai saurare.

Daura ba ta bi ta wannan hanya ba. An kafa kamfanin waya na NITEL a 1985, amma har zuwa watan Agustan 2001 da wayar salula ta GSM ta fara aiki, layukan wayar girke masu rai a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuma a ofisoshin gwamnati da gidajen manya suke. Kafin DSL ta samu gindin zama, igiyoyin da za ta hau sun riga sun fara lalacewa. Don haka intanet ɗin gida a nan ta iska yake zuwa: a sayi rauta, a saka mata layi, ta kamo sabis daga turken kamfani ta rarraba wa mutanen gida. Kiran intanet kuwa ya zama ruwan dare tun da WhatsApp ya fito da kiran murya a 2015.

Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan, haɗa wa gidaje da shaguna intanet a cikin garin Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango, wani lokaci har Baure. Abin da aikin ya nuna masa shi ne makon farko ba ya faɗin gaskiyar sabis. Sai an yi zafin bazara da shi, an yi damina, an ga Sallah, sannan ake sanin abin da aka saya.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa a cikin gari wanda ya daɗe yana amfani da rauta a gidansa. Abokan cinikinsa suna Kano da Damagaram, ɗansa yana karatu a ƙasar waje, kuma kusan duk maganarsa da su ta kiran intanet ce, saboda kiran layi zuwa ƙetare yana cinye kati nan da nan. Da farko ba abin da yake cewa sai sambarka. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙorafi ya fara, kullum kuma iri ɗaya: da safe murya tangaran, bayan Isha'i sai "kana ji na?" ta fi hirar yawa. Shawarar da ya yanke ita ce a ƙara masa data mai tsada, tunda a ganinsa sauri ne bai isa ba.

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Kiran murya ba ya bukatar sauri mai yawa, minti ɗaya na hira yawanci bai kai mega ɗaya ba. Abin da yake bukata shi ne gutsattsarin maganar su isa da wuri, a jere, ba tare da wasu sun ɓace a hanya ba. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya idan ana son hira ta tafi daidai. Idan ya zarce haka sosai sai mutum biyu su riƙa cin karo da maganar juna. Bidiyo yana iya tara 'yan daƙiƙu a ajiye kafin ya nuna, shi ya sa ba a cika lura da tangarɗarsa ba. Hira ba ta da wannan dama. Kalmar da ta makara ta ɓace ke nan.

To me ke faruwa bayan Isha'i? Turken sabis ɗaya ne ke ɗauke da unguwa, kuma abin da yake da shi rabawa yake yi tsakanin duk wanda ya hau, kamar famfon unguwa da ruwansa ke raguwa idan kowa ya kawo bokiti lokaci guda. Wannan ne lokacin da ɗalibai da 'yan kasuwa da matan gida duk suke kan waya. A ranakun hawan Sallah da Sallar Gani, da garin ke cika da baƙi kowa na ɗaukar bidiyo yana turawa, abin ya fi haka tsanani. A gidan Alhaji ma akwai nasa cunkoson na cikin gida: yara na kallo, wata wayar na loda hotuna, ga kuma lambar sirrin waifai da ta bi hannu zuwa hannu har ta isa majalisar ƙofar gida. Turawa sama ita ce ƙaramar hanya a yawancin layuka, kuma ta nan muryar Alhaji ke fita.

Ba a ƙara data ba. An canza lambar sirri, an ɗauko rautar daga bayan talabijin inda take kwance tsakanin bango mai kauri da rufin kwano, aka ɗaga ta kusa da tagar da ke fuskantar turke. Wannan gyara da bai ci ko kwabo ba ya rage matsalar ƙwarai. Sauran abin da ya rage na turke ne, ba wanda zai gyara shi daga cikin ɗaki.

Maganar wuta ta fi wannan nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Tsohuwar wayar girke daga ofishin waya take samun wutarta ta cikin igiyar kanta, don haka ko an ɗauke wuta a unguwa tana aiki. Kiran intanet na gida da rauta yake rayuwa, rauta kuma da soket. Wuta na tafiya, kira ya tafi. Abin daɗin shi ne yawancin rautoci wuta kaɗan suke ci, ba su fi ƙwan fitila ɗaya ba, kuma ƙaramin batir na ajiya mai ƙarfin bolt 12 yana iya riƙe su sa'o'i. Wanda ke da sola a gida sai ya fara ɗora rautar a kai kafin fanka. A watan Afrilu da Mayu kuma zafi kan sa na'urar ta riƙa kashe kanta tana tashi, musamman wadda aka lulluɓe da kyalle don gudun ƙura. A bar ta ta sha iska, a riƙa share ta.

Ko da wuta da sabis, akwai ranar da abin ya fi ƙarfin kowa a Daura. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka haɗa da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabta, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. Kiran layi tsakanin Daura da Kano ba ya bi ta teku. Kiran intanet kuwa yana dogara da na'urorin da sau da yawa suke wata nahiya. Ban da haka, WhatsApp ba ya kiran lambar gaggawa ta 112. Gidan da ke da tsoho ko mai juna biyu bai kamata ya kwana ba tare da waya ɗaya mai caji da kati a ciki ba, kuma ya fi kyau layin ya zama na wani kamfani dabam da wanda ke cikin rautar.

Mutanen Kongolam da sauran garuruwan bakin iyaka suna da tasu damuwar. Waya kan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar ba tare da mai ita ya sani ba, kuɗin yawo ya hau. Maganinsa a shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu. Masu 'yan uwa a Dubai kuma su sani hukumomin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun toshe kiran WhatsApp, laifin ba na rautar Daura ba ne.

Batun kuɗi ya ƙara zafi tun watan Janairun 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Abin da ya fi cinye data a gidajen da mai rubutun nan ya shiga ba kira ba ne, bidiyo ne mai kunna kansa da sabunta manhajoji da wayoyi ke yi da zarar sun ga waifai. Tsarin da ake tallatawa da sunan "ba iyaka" ma yawanci yana da ƙa'idar rage sauri idan an kai wani adadi, kuma haƙƙin mai saye ne ya tambayi adadin kafin ya biya. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya kuɓutar da wasu daga cunkoson turke tunda daga tauraron ɗan'adam yake kamowa, sai dai kayansa da kuɗin wata ba na kowane gida ba ne, kuma ya fi rauta cin wuta nesa ba kusa ba.

Wanda zai sayi rauta yanzu, kada ya auna sabis a shagon mai sayarwa da hantsi. Ya ari layin kamfanin, ya kai shi ɗakin da zai riƙa waya, ya kira wani ta intanet bayan Isha'i, ya maimaita a wasu dararen. Abin da ke aiki a wata unguwa ba lallai ya yi aiki a ta kusa da ita ba.

Idan kuma matsala ta ƙi ƙarewa, lambar kula da abokan hulɗa ta zama ɗaya a duk layuka, wato 300, kamar yadda *323# ke nuna ragowar data. A kira, a faɗi rana da lokaci da unguwa, a karɓi lambar ƙorafin a rubuta ta. Idan kamfani bai gyara ba, sai a kira NCC a 622, kyauta ne, kuma wannan lambar ƙorafin ce za su fara tambaya.