Kirari a Rigar Ilimi: Karon Muradi da Harshen Talla a Wikipedia

Gabatarwa

Tun da aka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairu 2001, ƙa'idarta ita ce kowa yana iya rubutu, kowa kuma yana iya gyara. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta bai wa Hausa nata sashe, ita ce kuma take shigo da wanda ya zo tallar hajarsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi da karon muradi, da nuna alamomin da mai nazarin harshe zai gane talla da su a matanin Hausa.

Ma'anar karon muradi

Ana cewa muradi ya yi karo idan marubuci yana da wata alaƙa da abin da yake rubutu a kai, ta kuɗi ko ta jini ko ta siyasa, wadda za ta iya karkatar da alƙalaminsa. Ba lallai ne ya yi ƙarya ba. Ya isa ya zaɓi abin da zai ambata da abin da zai tsallake.

An sha ganin haka a sashen Turancin Ingilishi. A 2013 an toshe asusu fiye da 250 da aka danganta da kamfanin Wiki-PR na Amurka, mai rubuta wa mutane maƙaloli don kuɗi. A watan Yuni 2014 gidauniyar Wikimedia ta gyara sharuɗɗanta, ta wajabta wa duk wanda aka biya ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki da wanda yake yi wa hidima. Duk da haka, a 2015 an sake toshe asusu 381 a badaƙalar Orangemoody, inda ake karɓar kuɗi daga ƴan kasuwa da sunan kare musu shafukansu. A 2019 kuwa kamfanin The North Face ya nemi gafara bayan an musanya hotunan wuraren yawon buɗe ido da wasu masu nuna tufafinsa. Idan sashen da ke da dubban masu sa ido ya sha wannan wahala, ina ga na Hausa mai ƴan tsirarun masu sintiri?

Maroƙi da marubucin haya

Yabo don lada ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. M. G. Smith ya yi nazarin roƙo tun 1957, kuma har yau ana jin zuga da kirari a ƙofar fadar Maraɗi da ta Tibiri. Sai dai maroƙi a bainar jama'a yake aikinsa: an san ubangidansa, an ga kyautar da aka miƙa masa, don haka mai sauraro ya san ma'aunin da zai auna maganar da shi. Marubucin haya kuwa ya ari muryar mai bincike, ya ɓoye hannun da ya ba shi. Laifin yana ga ɓoyewar, domin ita ce take hana mai karatu yin nasa awo.

Alamomi huɗu a cikin matani

Ta farko ita ce sifofin kambamawa irin su shahararre, fitacce, gogagge da haziƙi, waɗanda hukunci suke yankewa ba tare da hujja ba. Ta biyu ita ce wakilin suna an da ana, mai ɓoye wanda ya yi aikin: ana cewa, an tabbatar, kowa ya sani. Tambayar da za a yi ita ce, wa ya ce? Ta uku ita ce amsa-kama da karin magana na zuga, kamar tsaf, fes, ko ba shi da na biyu. Ta huɗu ita ce jerin laƙubba da addu'o'i a gaban suna da bayansa, wanda ladabi ne a zance amma ɗaukar ɓangare ne a kundin sani.

Ga misali da aka ƙirƙira don darasi. Wani ya rubuta: "Wannan shahararriyar ƙungiya ta manoman Jiratawa ita ce kan gaba wajen noman zogale, kuma kowa ya shaida ingancin kayanta." Idan aka cire sifar da shaidar da ba ta da mai ita, abin da ya rage shi ne akwai wata ƙungiya mai noman zogale a Jiratawa. Abin da mai karatu yake bukata, wato shekarar kafuwarta, yawan membobinta, faɗin filin da take nomawa a cikin gandun noman rani, da majiyar da ta faɗi haka, duk babu.

Tarihi da zaɓen kalma

Karon muradi bai tsaya ga kuɗi ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, gidan sarautar Katsina ya koma arewa ya zauna a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Mai kallo daga Sakkwato yana iya kiran hare-haren da suka biyo baya tawaye, jikan fadar Maraɗi kuwa ya kira su yaƙin ƙwato ƙasar gado. Kowace kalma a nan hukunci ce. Hanyar adalci ita ce a jingina kowace fassara ga mai ita, a ce marubutan Sakkwato sun ce kaza, masu riƙe da tarihin baka na Maraɗi sun ce kaza, a bar mai karatu ya ji duka biyun.

Kammalawa

Batun ya shafe mu kai tsaye. Tun watan Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa kundin sake gina ƙasa, don haka bukatar rubutun ilimi da ita za ta ƙaru. Matanin Wikipedia kuma yana shiga rumbunan da ake horar da na'urorin fassara da su, ɗalibai ma suna kwafarsa. Idan salon kirari ya cika shi, shi za a ɗauka a matsayin Hausar ilimi.

Saboda haka, duk ɗalibin da zai rubuta game da garinsu, ko malaminsa, ko ƙungiyar da take ciyar da shi, ya bayyana alaƙar a shafinsa, ya kai shawararsa shafin tattaunawa maimakon ya gyara da kansa, ya kuma dogara da majiyar da ba ta ci moriyar maganar ba. Sashen kimiyyar harshe kuwa yana da aiki a gabansa: a tattara maƙaloli ɗari na tarihin mutane daga sashen Hausa, a ƙirga waɗannan alamomi huɗu a cikinsu, a fitar da jagorar salo da masu gyara za su yi aiki da ita.